Dillali a Walimar Ɗan Fari

"Faɗi tayinka in ji," in ji Alhaji Hambali. "Ku Zage-zagi sai kun zagaye gari kaf kafin ku shiga ƙofar gidanku."

Elnathan ya yi dariya, ya kurɓi shayinsa. Suna zaune ne a kan wani dakali a bakin teku, wurin da ake kira Corniche, da safiyar Juma'a, kafin rana ta fara hukuncinta. Jiragen ruwa na katako suna ɗaure a gefe suna rausaya. Mutane kuma sai wucewa suke da gudu cikin gajerun wanduna, abin da Alhaji ya kasa ganewa tun zuwansa, tunda duk iya dubawarsa bai ga abin da ya biyo su ba.

"Tayin ba shi da tsawo, Bakano. Yau a wurin walima za a miƙa maka lasifika. Ka kira sunan ɗanka da bakinka a gaban jama'a, ka ce ya yi ƙoƙari, ka ce kana alfahari da shi. Khalas, shi ke nan. In ka yi haka, ni kuma zan zaunar da shi in sa baki ya koma gida."

Alhaji ya gyara zaman hularsa.

Shi dai Alhaji Hambali dillalin shanu ne a karar Wudil. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma baki kam Allah ya ba shi. Abokan sana'arsa kan ce zai iya sayar wa Bafulatani sandarsa, Bafulatanin ya tafi yana godiya. Ba ɗaurin aure, ba sulhu, ba taron siyasa da za a yi a unguwarsu a tashi ba a ce Alhaji ya ce wani abu ba. Ya ci kasuwa a Legas, ya ci a Agadas, ya kwana a tashoshin da ko sunansu ya manta. Abin da ya kawo shi Doha kuwa ɗansa ne na fari, Siddiq, wanda ya gama digirin digirgir a kan yadda ake mai da ruwan teku ya zama na sha.

Elnathan mutumin Wusasa ne, mai gyaran na'urorin asibiti, ya daɗe a ƙasar har furfura ta same shi a nan. Shi ya sauki Siddiq lokacin da ya zo baƙo bai san gabas ba bai san yamma ba, shi ya sa Siddiq ke ce masa Kawu. Daga ranar da suka haɗu da Alhaji a filin jirgi suka ƙulla wasan Kanawa da Zage-zagi, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Maganar da ke ƙasa ita ce, aiki biyu ke jiran Siddiq. Wata jami'a a Kano ta kira shi ya zo ya koyar, wani kamfani kuma a Lusail, nan kusa da Doha, yana so ya zauna. A makon da za a shiga zai ba da amsa. Alhaji kuwa idonsa na dama ya fara hazo, gwiwa ta fara gardama, kuma jikarsa Indo, 'yar Siddiq, in ya yi mata Hausa sai ta juya ta dubi uwarta a fassara mata. So yake yaron ya dawo. Bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya sani.

"Ɗan fari ne fa," in ji Alhaji, ya rage murya. "Ni ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba. 'Kai' yake ce masa. Kuma duk cikinmu ba wanda ya fi so kamarsa."

"Yayanka ya san haka, don ya tashi ya ga kowane gida haka ake yi. Wannan kuwa shekara da shekaru yana cikin mutanen da uba ke rungume ɗansa a filin jirgi yana kuka da majina. Ran nan yake ce min, 'Kawu, me zan koma in yi wa mutumin da ko a waya sai dai ya ce, kai ne?'"

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ya yi dariya bayan ya faɗa, amma ni na san irin dariyar."

Alhaji ya dubi ruwan. Ya tuna ranar da aka yaye yaron aka miƙa wa baffansa, ƙanen Alhaji, ya riƙe, kamar yadda aka saba, ya tuna yadda yakan bi ta bayan makarantarsu da sunan zai duba wata saniya, don dai ya hango shi. Wannan duk ba abin faɗa ba ne. Amma suna guda ɗaya, me ke cikinsa? Shi da ya taɓa tsayawa gaban kantoma ya yi magana har aka fasa tashin kara?

"Kuma in na faɗa, ka tabbata zai ji maganarka?"

"Bai taɓa tsallake ta ba."

Alhaji ya kamo hannun Elnathan ya ja shi ƙarƙashin hannun babbar rigarsa, yadda ake yi a kara in ciniki ya faɗa, ya matse.

"Na saya. Allah ya sa alheri."

"Amin. Yalla, tashi in sauke ka, kar in makara coci. A ƙasar nan mu ma Juma'a muke yi."

Bayan an sauko daga masallaci aka hallara a wani zauren biki da aka kama a Al Rayyan. Wuri ne mai faɗi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. An jera tebura, an kawo shinkafa da naman rago a manyan farantai irin na Larabawa, ga masa da miyar taushe da Suwaiba matar Siddiq da ƙawayenta ma'aikatan jinya suka kwana biyu suna shiri. Jama'ar ta rabu gida biyu ba tare da an raba ta ba. Hannun dama 'yan gida ne, ɗalibai da ma'aikata, Musulmi da Kirista, duk mai jin Hausa. Hannun hagu malaman jami'a ne da abokan karatun Siddiq, Larabawa da Indiyawa da Turawa. A tsakiya, a babban tebur, ga Siddiq cikin farar shadda, kusa da malamin da ya duba aikinsa, wani dattijo Bamisire mai sanƙo.

Da aka zo kan jawabin uba, Alhaji ya miƙe a hankali, ya tattara rigarsa ya ɗora a kafaɗa. Elnathan ya tsaya gefensa da tasa lasifikar, don shi zai juya maganar zuwa Turanci.

Alhaji ya san taro kamar yadda ya san haƙoran shanu. Bai fara da ƙarfi ba. Ya yi bismilla da salati da murya ƙasa-ƙasa, har sai da masu taɓa cokali suka ajiye don su ji. Sannan ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da matsayinsa, bai tsallake liman ba, bai sa yaro gaban babba ba. Ya gai da mata, ya ce in ba don su ba da yau taron yunwa aka yi. Yana faɗa yana tsayawa, Elnathan na juyawa.

"Ni dai na zo ƙasar nan na ga abin mamaki," in ji shi. "A waje ana gasa mutum, a ciki ana daskarar da shi. Na ce wa zuciyata, Hambali, yau ka san halin da kifin kanti yake ciki."

Hannun dama ya fashe da dariya. Elnathan ya juya, hannun hagu ma ya ɗauka. Dariya biyu a kan magana ɗaya, abin da Alhaji bai taɓa samu ba ko a Wudil. Ya ji wani daɗi ya ratsa shi.

Ya juya kan Bamisiren. Ya ce a garinsu in ka ga kan malami ya yi sanƙo, to ilimi ne ya yi yawa ya ture gashin. Dattijon ya shafa kansa yana ƙyaƙyatawa, ya ɗaga wa Alhaji hannu. Ya taɓa Elnathan, ya ce a yi haƙuri da tafintan, Bazazzagi ne, da shi aka haɗa masa a cikin kuɗin jirgi. Elnathan ya fassara har da wannan, aka yi ta tafi. Zauren ya zama nasa. Ko ina ya juya idanu na biye da shi.

Sai ya zo inda aka yi ciniki a kai.

"Amma abin da ya tara mu a nan," in ji shi, ya juya wajen babban tebur.

Siddiq ya ɗago kai. Alhaji bai taɓa kallon fuskar yaron nan kai tsaye na tsawon haka ba. Ashe har ya fara furfura a gefen kunne. Ashe idanun uwarsa ne da shi, Allah ya ji ƙanta. Kuma a cikin idanun akwai jira, irin jiran da yaro ke yi a bakin ƙofa ranar kasuwa.

Sunan ya taso daga ƙirjin Alhaji, ya hau maƙogwaro, ya zo kan harshe. A daidai nan idonsa ya sauka a kan wayoyi. Kusan kowane hannu a ɓangaren dama yana ɗage da waya, ana ɗauka. Ya san inda hoton nan zai kwana. Kafin magariba yana Wudil. Ya hango 'yan kara a ƙarƙashin rumfa sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ya ji muryar abokan wasansa: ku zo ku ga Hambali ya je ƙasar Larabawa ya zama Bature, yana kiran ɗan fari gatsau, yana yabonsa kamar maroƙi. A sahun gaba kuma ga wani dattijo Basakkwace da ya zo duba 'yarsa, ya dogara da sanda, yana kallonsa da irin kallon da ubansa ke yi.

Harshen ya karkace da kansa, kamar saniyar da ta ga wuƙa.

"Wannan yaron," in ji Alhaji.

Elnathan ya ɗan waigo ya dube shi, sannan ya fassara.

"Wannan yaron da kuke gani, ranar da na fara kai shi kara, na ba shi igiyar maraƙi na ce riƙe min. Na je na dawo, na tarar da shi zaune a gindin bishiya, igiya a hannu, littafi a cinya. Maraƙi kuwa tuni ya kai Gaya."

Aka yi dariya sosai. Siddiq ma ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce a ransa, bari in ɗan zagaya, in sun yi laushi sai in faɗa. Ai haka ake ciniki, ba a farawa da farashin gaskiya.

"Na ce to, bari in koya masa baki. Wani mahauci ya zo yana taya wata saniya, ciniki ya kusa faɗawa, sai na ji daga bayana an ce, 'Baba, ba ita ce ta yi ciwon hanta bara ba?'"

Dariyar ta fi ta farko. Wani ɗalibi har da buga tebur. Dariya kuwa giya ce ga mai baki, kuma Alhaji ya riga ya kurɓa. Duk lokacin da ya waiwayo wajen sunan sai ya ga ya ƙara nisa, labari na gaba kuma yana nan kusa, a shirye, mai sauƙi. Ya ba da na ranar da ɗan bijimi ya kori yaron har ya faɗa kwata. Ya ba da na fitsarin kwance, wanda ko a gida ba a tayar da shi. A nan dariyar ta fara sirancewa, ta koma ta mutum uku ko huɗu, amma bai tsaya ba, don tsayawa na nufin komawa inda ya gudo.

"Da na ga haka na ce, wannan ba zai ci abinci a kara ba. A kai shi boko, can ake tara irinsu. To Allah ba ya hana bawa duka. Sai ya ba ni ƙanensa, Sherif."

Sunan ƙaramin ya fita sumul, ba ko tuntuɓe, tunda shi ba kunya a kansa.

"Sherif kam ɗan halak ne. Ya dubi sa daga nesa ya gaya maka nauyinsa. Yanzu haka da nake nan, Sherif ne riƙe da rumfata, kuma ba ni da fargabar komai. Da na yi ciwon ƙafa, Sherif ne ke ɗaukata zuwa masallaci. Wanda ke kusa da kai ai shi ne naka."

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa.

Hannun dama ya yi tsit. Wayoyin suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta dafa kafaɗar Suwaiba. Basakkwacen nan ma ya kawar da kai yana kallon sandarsa, don alkunya daban, tozarci daban, kuma ba wanda ya fi tsoho sanin bambancinsu.

Amma a hannun hagu wani abu ne daban ke faruwa. Elnathan na magana da Turanci a natse, kuma maganar ta fi wadda Alhaji ya yi tsawo. Bamisiren ya dafa ƙirji. Wata Baturiya ta ciro hankici tana share ido. Alhaji bai iya Turanci ba, amma akwai kalma ɗaya da ko a cikin ruwa aka faɗe ta zai ji. Siddiq. Ya ji ta sau ɗaya, ya sake ji, ya kuma ji. Sai a sannan ya lura cewa tun wajen labarin kwata hannun hagu bai ƙara dariya ba.

Elnathan ya kai aya. Baƙin suka miƙe tsaye suna tafi. 'Yan gida suka dubi juna, su da suka ji harsunan biyu, sannan su ma suka miƙe suka tafa, tafin rufin asiri.

Alhaji ya san lokacin da mai saye ya riga ya tafi ko da ƙafarsa na tsaye a wurin. Ya dubi Siddiq. Murmushin na nan a fuskarsa, amma jiran nan ya fita daga idanun.

"Allah ya sa albarka a karatu," in ji Alhaji da sauri. "Allah ya mai da kowa gidansa lafiya." Ya miƙa lasifikar, ya nemi kujera.

Bai kai ga zama ba Bamisiren ya iso, ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, yana ta zuba magana, Larabci da Turanci a haɗe. Abin da Alhaji ya tsinta kawai shi ne "masha Allah". Indo ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafafunsa, ta ɗago tana gaya masa wani abu da Turanci, fuskarta fal murna. Tun zuwansa yarinyar nan ba ta taɓa yarda ta zo kusa da shi da kanta ba. Ya dafa kanta.

Suwaiba ta kawo masa abinci da kanta, ta durƙusa ta ajiye.

"Ga abinci, Baba."

"Sannu da aiki, 'yata."

"Yauwa," ta ce, ba ta ɗago ba, ta tashi.

Ya kai loma ɗaya, naman ya zame masa kamar auduga. Mutanen da ɗazu ke neman su gaisa da shi yanzu kowa ya dage da kallon farantinsa. Da ya ga ba mai kallonsa, ya zame ta ƙofar gefe ya fita.

Zafin waje ya mare shi. Ya samu 'yar inuwa a jikin bango, wajen da ake ajiye motoci, ya tsaya. Ba a jima ba ya ji taku a bayansa.

"Za ka narke a nan, Alhaji," in ji Elnathan. Bai ce Bakano ba.

"Me ka gaya musu?"

"Bar shi kawai."

"Da bakina aka yi maganar. Ina da haƙƙin in san abin da na ce."

Elnathan ya jingina da bango, ya cire tabarau ya goge.

"Ka ce tun yana ƙarami ka gane ba irin sauran yara ba ne, don ko a kasuwa littafi ne a hannunsa. Ka ce bai taɓa iya ƙarya ba, ko da gaskiyar za ta jawo wa gidanku asara, kuma a ranar ka san ka haifi wanda ya fi ka. Ka ce da ka kai shi makaranta ba yar da shi ka yi ba, mafi kyawun abin da kake da shi ka ba duniya. Ka ce ƙanensa na kula da kai a gida, amma kullum in ka idar da salla gabas kake ƙara kallo, don can ɗanka yake." Ya mai da tabaran. "Sannan ka ce, Siddiq, ɗana, ina alfahari da kai."

Alhaji ya runtse ido. Ba kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba, kuma ba kalma ɗaya da ta fi ƙarfin bakinsa. Da Hausa ma sun fi daɗi.

"Wa ya gaya maka duk wannan?"

"Ba kowa. Abin da zan faɗa ne da a ce ɗana ne."

 Wata mota ta wuce, iskarta mai zafi ta kaɗa rigar Alhaji.

"Yau na fito daga coci na zo na yi ƙarya a gaban mutum fiye da ɗari," in ji Elnathan. "Amma zan gwada yi masa magana duk da haka."

"A'a. Ban kawo kaya ba, ba za ka biya ba. Ban taɓa cin irin wannan ba, ba kuma zan fara a garin mutane ba."

Ƙofar gefen ta buɗe. Siddiq ne. Ya tako har gaban ubansa, ya tattare farar shaddarsa, ya durƙusa a kan kwaltar nan mai ƙuna.

"Baba, mun gode da jawabi. Allah ya ƙara girma."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. 

"Tashi, ƙasar da zafi," in ji Alhaji.

Bai tashi ba. "Dama ina so in sanar da kai kafin kowa ya ji. Na yanke shawara zan karɓi aikin nan na Lusail. Tunda alhamdu lillahi gida akwai mai kula da kai, hankalina a kwance yake. Ina neman albarkarka."

Ba gatse a muryarsa, ba fushi. Da ladabi ya faɗa, kamar mai karanta abin da aka riga aka sa wa hannu. Elnathan ya juya baya yana kallon motoci.

Alhaji ya dubi tsakiyar kan ɗansa. Ba waya a nan, ba Basakkwace, ba 'yan kara. Mutum uku ne kawai da rana. Ya ji sunan ya sake tasowa, amma yanzu in ya faɗa ya zama tayin da aka yi bayan an ga mai saye ya juya, kuma yaron nan ɗan dillali ne, ko bai iya ciniki ba ya san wannan.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Allah ya sa can ne alherinka."

"Amin, Baba. Na gode." Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa. "Kawu, ana nemanka a ciki, za a yi hoto."

Ya koma. Ƙofar ta rufe kanta a hankali, irin rufewar ƙofofin ƙasar nan da ba sa ƙara.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Siddiq," in ji shi.

Sunan ya fita lafiya lau, ba abin da ya karye, sama ba ta faɗo ba. Elnathan ya dube shi, ya girgiza kai.

"Ni ka gaya wa, Alhaji. Ni kuwa na riga na san sunansa."

Ya kama hannunsa suka koma ciki, aka tsayar da su a tsakiya aka yi hoto, kowa na murmushi.

In za a yi lissafin wannan ciniki, to kamfanin Lusail ya ci riba, ya samu ma'aikacin da bai iya ƙarya ba, bai kuma san wa ya yi masa dillanci ba. Bamisire ya koma gida da labarin wani dattijon Afirka mai hikima, yana ba da shi a duk inda ya zauna. Indo ta samu kaka mai son babanta, kuma ba wanda ya yi niyyar ƙwace mata shi, sai dai in wata rana ta koyi Hausa ta nemi hoton bikin. Elnathan ya yi asarar gaskiyarsa ta yini ɗaya. Siddiq ya ji yabon da ya daɗe yana jira, a bakin da ba shi yake jira ba. Sherif, da ke can Wudil yana fama da shanu, an yabe shi a ƙasar da bai taɓa zuwa ba, yabon da ya ɗora masa jinyar tsoho shi kaɗai. Alhaji Hambali kuwa ya hau jirgi da mutuncinsa na kara cif-cif, ba wanda zai ce ya taɓa kiran ɗan fari a bainar jama'a. Ɗan ne dai ya baro.